Lamba 42, ƙwayar sha'ir da ɗakin sukwash: tarihin da ke ƙarƙashin harshen takalminka

Mai karatu, in akwai takalmin kambas kusa da kai, ɗauko shi ka ɗaga harshensa, wato ƙyallen nan da ke ƙarƙashin igiya. Za ka ga jerin lambobi kamar haka: UK 8, US 9, EUR 42.5, CM 27. Takalmi ɗaya, amma lamba huɗu. A cikinsu ta ƙarshen ce kaɗai ke ƙoƙarin faɗa maka tsawon ƙafar da aka yi takalmin dominta. Sauran ukun gado ne na tarihi, kowacce da ƙasar da ta fito da irin ma'aunin da aka gina ta a kai.

Ni ma ban damu da wannan ba sai da abin ya ci min kuɗi da farce. A shekarata ta farko a digiri na biyu na fara koyon wasan sukwash, wasan nan da mutum biyu ke shiga ɗaki mai bango huɗu suna dukan 'yar ƙaramar ƙwallon roba tana dawowa daga bango. Aikin bincike ya kai ni Kamba, na ga takalman gwanjo masu kyau an baza, na ce lambata 43, na biya na tafi. Ranar da na je wasa, mai kula da ɗakin ya juya takalmin ya kalli ƙasansa, ya ce ba zan taka masa katako da shi ba. Na nemo wani, shi ma 43, na wani kamfani daban. Bayan mako biyu farcen babban yatsana ya yi baƙi, daga baya ya fita. Kuskure biyu na yi, kuma kowannensu yana da tarihi.

Kafin a san lamba

Ƙasar Hausa ta daɗe tana sana'ar takalmi ba tare da lamba ba. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya lissafa takalman fata a cikin manyan kayan da birnin ke fitarwa, bayan tufafi, ya kuma ƙiyasta cinikinsu a kan wuri miliyan goma a shekara. Shi wannan Barth ya ratsa ta Gwandu da Birnin Kebbi da kwarin Fogha a 1853 a hanyarsa ta zuwa Say, wato ya gifta yankin da muke magana a kai. Takalmin da ya gani buɗaɗɗe ne: tafin fata da maɗauri. Irin wannan ba ya buƙatar awo mai tsanani, don yatsu a sake suke. In kuwa na musamman kake so, baduku zai sa ka taka fata ya zana ƙafarka. Ka riƙe wannan dabarar, za mu dawo gare ta.

Turai ma haka take. Har cikin ƙarni na 19 mai kuɗi zuwa yake a auna shi, a sassaƙa ƙafar katako daidai tasa, a ɗinka takalmin a kanta. Talaka kuwa ya sayi abin da ya samu. Daga wajen 1600 zuwa ƙarni na 19 ma, yawancin takalman Turawa ba su da hagu da dama. Ƙafa biyun iri ɗaya ne, ƙafarka ce za ta lanƙwasa su da wahala.

Inji ne ya tilasta lamba. A 1858 Lyman Blake ya ƙera keken da ke ɗinke tafin takalmi da samansa. A 1883 Jan Matzeliger, wanda aka haifa a Paramaribo ta ƙasar Suriname, mahaifiyarsa baƙar fata, ya yi rajistar injin da ke ja da ɗaure fata a kan ƙafar katako a garin Lynn na Amurka. Gwanin ma'aikaci yakan yi takalma kamar 50 a yini da hannu; injin yana yin 150 zuwa 700. To, masana'antar da ke fitar da ɗaruruwa a rana ba ta san mai saye ba, ba ta taɓa ganin ƙafarsa ba. Dole a samu wata lamba da za ta tsaya a madadin awon.

Sha'ir a Ingila, santimita a Faransa

Ingilawa sun ɗauko tsohon ma'auninsu. Wata dokar Ingila ta wajen shekara ta 1300 ta ce ƙwayar sha'ir uku, busassu, in aka jera su, inci ɗaya ke nan. Kada ka yi dariya, mu ma da taƙi da kamu da gaba muka yi awo. Ƙwayar sha'ir ɗaya, wato sulusin inci, milimita 8.47 ce, kuma ita ce tazarar da ke tsakanin lamba 8 da lamba 9 a tsarin Ingila har yau. Tsarin yana da wani ruɗani: ana fara ƙirga na yara daga inci huɗu, a hau har 13, sannan a koma 1 a fara na manya. Shi ya sa lamba 8 ta manya take daidai da inci 11, kusan santimita 28. Amurkawa sun ɗauki tazarar sha'ir ɗin amma suka gusar da mafarin, don haka lambarsu ta maza takan ɗara ta Ingila da rabi ko da ɗaya, ta mata kuma daban take.

Faransawa kuwa, bayan juyin juya halinsu sun kawo mita da santimita, masu takalminsu suka tsayar da tazarar kashi biyu cikin uku na santimita, wato milimita 6.67. Ana kiranta ɗigon Paris. Lissafinta mai sauƙi ne: 42 sau biyu bisa uku, santimita 28.

Ga abin da ya kamata ka lura da shi. Wannan santimita 28 ba tsawon ƙafarka ba ne, tsawon ƙafar katakon da aka gina takalmin a kanta ne. Ƙafar da za ta zauna ciki lafiya ta gaza haka da kusan santimita ɗaya da rabi. Nawa ne ainihin rarar da za a bari? Kowane kamfani da ra'ayinsa. Ƙari a kan haka, 8.47 da 6.67 ba sa haɗuwa daidai: taki huɗu na Ingila milimita 33.9 ne, taki biyar na Paris 33.3. Saboda haka Adidas ke rubuta lambobi irin 42⅔ da 43⅓, kuma UK 8 ɗinsu 42 ne, santimita 26.5, alhali UK 8 na Nike 42.5 ne, santimita 27. Rabin santimita ba komai ba ne in masallaci ko kasuwa za ka. A ɗakin sukwash shi ne bambancin farce lafiyayye da matacce.

Waɗannan tsare-tsare biyu sun yi karo a kusa da Kamba, a zahiri. Ranar 14 ga Yuni 1898 Ingila da Faransa suka sa hannu a Paris kan yarjejeniyar da ta sa iyakarsu ta tsallaka kogin Kwara mil goma sama da mashigin Illo, wanda yau ke cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo, sannan ta bi wani da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato. An gyara layin a 1904 da 1906. Sakamakon shi ne Kamba, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Dandi, ta faɗa ƙasar inci, Gaya ta Nijar da Malanville ta Benin suka faɗa ƙasar mita, duk da Dandawa da Zabarmawa da Hausawan da ke ɓangarorin uku dangin juna ne. Shekaru da dama dilolin gwanjo na sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, su hau arewa ta Parakou da Kandi zuwa Malanville, su tsallaka gada zuwa Gaya, wasu su shigo ta Kamba, wasu ta hanyoyin Bagudo. Rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da rufe gadar bayan juyin mulkin Nijar na 2023, sun sauya hanyoyin amma ba su sauya abin da ke cikin dilar ba: takalmin da aka saya a Landan, da na Liyon, da na Shikago, duk a buhu ɗaya. Abin mamakin kuma shi ne, duk da Ingila ce ta mulke mu, a kasuwa lambar Paris muke kira. Ba ka taɓa jin mai gwanjo ya ce “takwas” ba, “arba'in da biyu” yake cewa.

An yi ƙoƙarin kashe wannan rikici. Akwai tsarin da ake kira Mondopoint, wanda hukumar daidaita ma'aunai ta duniya ta amince da shi, da ke rubuta tsawon ƙafa da faɗinta a milimita kawai. Sojoji da masu takalman gudun ƙanƙara suna amfani da shi, Japan ma da santimita take ƙirga. Lambar CM ko JP da ke ƙarshen layin nan daga wannan tunanin ta fito.

Wasan da roba ta haifa

Yanzu kuskurena na farko, wato ƙasan takalmin. Don ka gane shi sai ka san daga ina wasan ya fito.

Kakan sukwash wani wasa ne da fursunonin bashi ke yi a kurkukun Fleet da ke Landan, suna dukan ƙwallo mai tauri a jikin bango. Wasan ya shiga makarantar Harrow, inda yara ƙanana, da ba sa samun wuri a babban fili, suka koma lunguna suna buga ƙwallon roba mai laushi da ke lotsewa in ta bugi bango. Daga wannan lotsewar sunan ya samo asali a Turanci. A tsakiyar shekarun 1860 makarantar ta gina ɗakunan wasan na farko.

Ba haɗari ba ne da abin ya faru a wannan lokacin. Ɗanyen roba yana narkewa ya yi danƙo da zafi, ya sandare da sanyi. Sai a 1844 Charles Goodyear a Amurka da Thomas Hancock a Ingila suka samu rajistar dafa roba da farar wuta, abin da ke ɗaure dogayen zaren ƙwayoyinta da juna har ta riƙa miƙewa tana komawa. Wannan gano guda shi ya ba da ƙwallon, shi kuma ya ba da takalmin yadi mai tafin roba da Ingilawa suka laƙaba wa suna “plimsoll” a shekarun 1870. Ƙwallon da takalmin uwa ɗaya ta haife su.

Wasan ya bi sojoji da jami'an mulkin mallaka duk inda suka je. Har jirgin ruwan Titanic na 1912 yana da ɗakin sukwash. A shekarun 1920 aka tsayar da girman ɗakin: ƙafa 32 a tsayi, 21 a faɗi, wato mita 9.75 da 6.40. A Najeriya ma ta kulob-kulob na Turawa da barikokin soja ya shigo, shi ya sa har yau a irin waɗannan wurare da jami'o'i ka fi samun ɗakunan, kuma tsohon shugaban ƙasa Olusegun Obasanjo na cikin waɗanda aka sani da son wasan har cikin tsufa.

Labarin da na fi so shi ne na Hashim Khan. Yaro ne ɗan ƙauye kusa da Peshawar, yana tsinto wa hafsoshin Ingila ƙwallo a kulob ɗinsu. In sun tafi sai ya shiga ya yi wasa ba takalmi, a kan siminti. Wannan yaron ne ya ci gasar British Open sau bakwai tsakanin 1951 da 1958. Wani zai ce, to ai ka ga takalmin ba dole ba ne. A ganina darasin akasin haka ne. Ƙafar da ba takalmi tana manne da ƙasa, yatsunta a baje, ba abin da ke zamewa tsakaninta da daɓe. Aikin takalmin sukwash shi ne ya kare fata da gaɓoɓi ba tare da ya ƙwace waɗannan abubuwa uku ba. Bayan Pakistan, wadda ta ba duniya Jahangir Khan da Jansher Khan, yanzu Masar ce ke riƙe da wasan, kuma zai shiga gasar Olamfik karon farko a Los Angeles a 2028.

To me ya sa aka hana ni shiga? Wajen 1910 masu yin tayar mota suka gano cewa in aka cakuɗa roba da wani baƙin gari mai kama da kunkunniya, tana daɗewa ninkin-ba-ninkin kafin ta cinye. Shi ya sa taya take baƙa, shi ya sa takalmin taya da ake yi a kasuwanninmu ba ya mutuwa. Masu takalmin gudu sun ɗauki dabarar don kwalta. Amma irin wannan robar tana barin baƙin zane a kan katako, kuma daɓen sukwash katako ne mai haske da ba a shafa masa fenti mai santsi, domin a ga baƙar ƙwallo mai faɗin milimita 40 tana gudu. Saboda haka takalmin sukwash yake da tafi mai launin zuma ko fari, robar da ba ta da wannan garin. Ta fi laushi, ta fi kama katako, amma kwalta na cinye ta da wuri. A 1974 wani kamfani a Ingila, wanda yau aka sani da Hi-Tec, ya fara kasuwancinsa da takalmin da aka ƙera musamman don wannan wasa, ya kuma sayar da miliyoyi.

Matsalar takalmin gudu ba ta tsaya ga baƙin zane ba, kuma wannan ɓangaren ya fi muhimmanci ga lafiyarka. Tun shekarun 1970 ake cusa masa soso mai kauri a dunduniya, don mai gudu gaba kawai yake yi, yana dira sau dubbai. Kaurin ya yi ta ƙaruwa har hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta sa iyakar milimita 40 a 2020. Ɗan sukwash kuwa ba ya yin taki biyar a layi ɗaya. Daga tsakiyar ɗaki zai zabura zuwa kusurwa, ya miƙa ƙafa ɗaya gaba ya durƙusa a kanta, ya ja birki, ya dawo da baya, ya juya gefe. Ka tuna da motar da aka lafta wa kaya a sama tana shan kwana. Duk yadda ka ɗaga idon sawu daga ƙasa, haka ƙarfin da ke neman kifar da shi gefe yake ƙaruwa, kuma soso mai laushi yana lotsewa ta gefen da nauyi ya faɗa. Mafi yawan targaɗen idon sawu ta haka yake zuwa: ƙafa ta juya ciki, jijiyoyin gefen waje su yage. Shi ya sa takalmin sukwash yake ƙasa-ƙasa, gefensa da tauri, tafinsa ya ɗan fito waje ta wajen ƙaramin yatsa.

Faɗin da lamba ba ta faɗa

Kuskurena na biyu ba na tsawo kaɗai ba ne. A tsakiyar shekarun 1920 Charles Brannock, ɗan mai kantin takalmi a Syracuse ta jihar New York, ya ƙera wani ma'aunin ƙarfe da ke auna abu uku: dunduniya zuwa yatsa, dunduniya zuwa gaɓar babban yatsa, da faɗi. Ya gane cewa mutum biyu masu tsawon ƙafa ɗaya za su iya buƙatar takalma daban. (A zamanin nan ne kuma kantuna a Amurka da Ingila suka riƙa sa yara su zura ƙafa cikin na'urar hoton ƙashi don a ga yadda takalmi ya zauna, har sai da aka gane illar hasken, jihar Pennsylvania ta haramta ta a 1957.)

Batun faɗi ya shafe mu kai tsaye. Tun 1905 wani likitan ƙashi a St. Louis, Philip Hoffmann, ya kwatanta ƙafafun mutanen da ba su saba sa takalmi ba da na masu sawa, ya nuna na farkon sun fi faɗi ta gaba, yatsunsu a warwatse. Binciken da aka yi daga baya a Indiya ya nuna haka. Yawancinmu da silifa da takalmin fata buɗaɗɗe muka tashi. Takalmin da ke cikin dila kuwa an gina shi a kan ƙafar wanda aka sa wa rufaffen takalmi tun yana rarrafe. Sai ka ga tsawon ya yi, gefen yana cizo. Abin da mutane ke yi shi ne su ƙara lamba biyu, sai faɗin ya yi, amma ƙafa ta riƙa yawo a ciki. Duk birkin da ka ja, ƙafar ta zame gaba, farce ya daki bakin takalmi, jini ya taru a ƙarƙashinsa. Takalmin da ya matse da wanda ya yi yawa duk wuri ɗaya suke kai ka.

Don haka koma wa dabarar baduku. Da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura da zirga-zirgar yini, sa safar da za ka yi wasa da ita, ka tsaya a kan takarda, nauyinka a kan ƙafar, wani ya zana maka ita da biro a tsaye. Yi ƙafa biyun, don da wuya su zo daidai, kuma babbar za ka bi. Auna daga dunduniya zuwa yatsan da ya fi tsawo, wanda ba lallai ne ya zama babban ba, ka auna faɗin wurin da ya fi faɗi. Wannan santimitar ita za ka kwatanta da CM ko JP, ka bar 42 da 43 su huta. In takalmin yana da shimfiɗar ciki mai fita, zaro ta ka taka: in ƙafarka ta zubo ta gefe, ajiye shi komai arharsa. In ya wuce wannan, ɗaure igiyar har ramin ƙarshe, ka miƙa ƙafa gaba ka durƙusa kamar za ka ɗebo ƙwallo a kusurwa. Rarar da ke gaban yatsa ta kai kamar santimita ɗaya, dunduniya kada ta ɗaga, ƙafa kada ta zame gefe. Mai gwanjo zai ce maka zai buɗe in ka saka shi. Fata tana buɗewa, amma zaren roba da ake yin na yanzu da shi kaɗan yake saki.

A kasuwa irin ta Kamba da wuya ka ji an ce ga na sukwash. Nemi na badminton, ko na ƙwallon raga ko ƙwallon hannu na cikin ɗaki, duk dangi ne, kuma sau da yawa an rubuta NON-MARKING a ƙasansu. In ba rubutu, goga tafin da ƙarfi a kan farar takarda ka gani ko zai bar zane. Murɗa takalmin kamar kana matse wanki. In ya murɗe ba gardama, ba zai riƙe ka a kwana ba. Matsa bayan dunduniyar da yatsa biyu, ya kamata ta yi tauri. Ajiye shi a kan tebur ka kalle shi ta baya: in ya karkata gefe, mai shi na farko ya riga ya cinye shi da irin takunsa, kuma kai zai koya wa wannan takun. Sannan danna farce a cikin robar. Wadda ta daɗe a zafin sito takan ƙeƙashe ta yi ƙyalli, zanenta na nan kamar sabo amma ba ta kama komai, wani sosan kuma yana marmashewa in ya sha zafi da laima. Kamfanoni da yawa suna buga watan da shekarar da aka ƙera takalmin a wannan 'yar takardar ta ƙarƙashin harshe, don haka duba ta kafin ku fara ciniki.

In ka samu wanda ya dace, kada ka taka shi daga gida zuwa wurin wasa. Sa shi a jaka, ka saka a bakin ƙofar ɗakin. Yashi yana maƙalewa a tafin ya karce katako, ƙurar hunturu kuma tana mai da roba mai kamu ta koma santsi. A watannin Disamba da Janairu ni da ɗan tsumma mai laima nake shiga, ina goge tafin duk bayan zagaye ɗaya.